Tsakanin Aji da Zaure: Haɗin Gwiwar da Yaran Zaitawa Ke Buƙata



Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ba kowane yaro a Nijeriya haƙƙin karatun shekara tara kyauta, ta kuma wajabta shi. A 2019 gwamnatin Jihar Kano ta ƙaddamar da nata shirin na ilimi kyauta kuma dole, sannan a watan Yunin 2024 aka ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, a shekarar da fannin ya samu kusan kashi 30 cikin 100 na kasafin kuɗin jiha. Waɗannan matakai ne da malamai suka daɗe suna kira a ɗauka, kuma ba mu raina su ba. Sai dai duk wanda ya ratsa lungunan cikin birni da misalin ƙarfe goma na safe, lokacin da ya kamata a ce kowane yaro yana aji, ya san akwai tazara tsakanin abin da doka ta rubuta da abin da ido ke gani. Ga yarinya da farantin talla a ka, ga yaro yana tura baro zuwa Kasuwar Kurmi, ga almajiri tsaye a ƙofar gida da robarsa. Alƙaluman hukumar UNICEF sun nuna yaran Kano da ba sa zuwa makaranta sun kusa miliyan ɗaya.

Ra'ayinmu shi ne, ƙoƙarin malamin aji shi kaɗai ba zai cike wannan tazara ba, ko da an gyara masa albashi an kuma cika masa aji da bencina. Yaron firamare yana hannunmu awa biyar zuwa shida a rana, kwana biyar a mako. Sauran lokacinsa yana hannun mahaifiyarsa, da malaminsa na allo, da malamar islamiyya, da ubangidansa a wurin sana'a. Waɗannan mutane su ne ke yanke hukuncin ko gobe zai zo makaranta ko ba zai zo ba. Muddin ba a zauna da su a tabarma ɗaya an raba ɗawainiyar yaron ba, aikin baban giwa za a ci gaba da yi. Kuma haɗin gwiwar da muke nufi bai shafi tara kuɗi daga aljihun talaka ba. Ginshiƙinsa shi ne a san kowane yaro da sunansa, a daidaita lokacinsa, a bi sawunsa ranar da ya ɓace daga rajista.

Yadda talauci ke shigowa aji

Mu da ke riƙe da rajista mun san talauci ba ya yin sallama idan zai shigo aji. Da makara yake farawa. Yarinya ba ta isowa sai an gama darasi na biyu, domin sai ta sayar da koko da ƙosan mahaifiyarta kafin a sake ta. Daga makara sai fashi, kwana ɗaya a mako, sannan biyu. Yaron da ya zo bai karya ba, kafin ƙarfe sha ɗaya ya kifa kai a gwiwa. Wanda ba shi da littafin rubutu yana zaune yana kallon allo, da an goge rubutun darasin ya tafi ke nan. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kayan abinci suka yi tashin gwauron zabi, gidaje da yawa sun ƙara dogara da ɗan abin da yara ke shigowa da shi.

Manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare. A makarantun gwamnati na cikin birni kuwa, aji mai yara ɗari ba abin mamaki ba ne. A irin wannan aji, yaron da ya rasa makonnin da aka koyar da baƙaƙe da wasula ba ya samun wanda zai koma da shi baya. Shekara ta zagayo a ciyar da shi gaba, har ya kai aji huɗu ko biyar bai iya haɗa baƙi ba. A nan ne uba ke zama ya yi lissafinsa, kuma lissafin ba na jahili ba ne. Shekara biyar yaro yana zuwa boko bai iya karanta takardar asibiti ba, alhali sa'ansa da ke shagon tela ya fara ɗinka wando yana taimakawa da cefane. Sai a cire shi. Ɗan mai hali kuwa an kai shi makarantar kuɗi, an kuma ɗaukar masa malamin darasin yamma. Ta haka bambancin da yara suka tarar a gidajen iyayensu yake zama gadon da za su bar wa nasu 'ya'yan.

Batun talla ma yana buƙatar a fahimce shi kafin a yanke masa hukunci. Tun a shekarun 1970 wata masaniya 'yar Amurka mai suna Enid Schildkrout ta yi nazarin aikin yara a birnin Kano. Ta nuna yadda sana'ar matan aure da ke cikin gida ta rataya a wuyan yaran da ke fitar da kaya su dawo da ciniki, da yadda ribar tallan ke shiga tanadin kayan ɗakin yarinyar kanta. Kusan shekara hamsin ke nan, kuma duk wanda ya tashi a cikin ganuwa ya san tsarin bai canza sosai ba. Wa'azi kaɗai ba zai sauke faranti daga kan yarinya ba. Sai an zauna da uwar an nemo wata hanyar da kayanta za su kai ga mai saye.

Gadon da unguwarmu ke da shi

Mutanen Zaitawa ba baƙi ba ne ga raba ɗawainiyar ilimi. Littafin Tarihin Kano ya ba da labarin zuwan Wangarawa daga ƙasar Mali a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, su kimanin arba'in ƙarƙashin jagorancin Abdurrahman Zaite. Wani tsohon rubutu na Wangarawan ya kai zuwan nasu zamanin Muhammadu Rumfa, amma ruwayoyin sun haɗu a kan cewa malamai ne suka zo suka zauna a cikin jama'a. Ana danganta sunayen unguwanni irin su Zaitawa da Mandawari da Sheshe da waɗannan bayin Allah. Abin lura a labarin shi ne yadda aka raba aiki. Wani ya zama liman, wani ladan, wani mai yanka, shi kuma Zaite ya riƙe alƙalanci. Babu wanda ya ɗauki garin shi kaɗai.

Daga wannan tushe ne karatun zaure ya yi rassa a cikin ganuwa, daga Madabo zuwa sauran unguwanni. Malami yana karantarwa a zaurensa, maƙwabta suna ciyar da almajiransa, attajiri yana sayen littafi ya bayar wakafi, mai sana'a yana koya wa yaro abin dogaro da kai. Ilimi ya rayu ɗaruruwan shekaru a birnin nan domin unguwa ta ɗauke shi nata. Makarantar boko kuwa ta wata ƙofa ta shigo. A Nasarawa, wajen ganuwa, Ɗan Hausa ya buɗe ta a 1909, kuma tun daga lokacin ake kallonta a matsayin kayan hukuma. Hukuma ta gina, hukuma za ta gyara. Wannan kallo ne ya sa mutum zai ga ana cire tagar aji da dare, ko ana zuba shara a jikin katangar makaranta, ya kau da kai, abin da ba zai taɓa yi ba da masallacin layinsu ne.

Magabata sun bar mana misalan yadda ake rushe irin wannan shinge. A ƙasar Sakkwato, Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, tana naɗa wa dattijuwa malfa ta zama jaji, ita kuma ta riƙa kai karatu ga matan ƙauyuka. A nan Kano, gwamnatin Muhammadu Abubakar Rimi ta kafa Hukumar Ilimin Manya a 1980, irinta ta farko a jihohin ƙasar nan, aikin da ya jawo wa jihar lambar yabo daga UNESCO. Darasin duka biyun ɗaya ne. An kai karatu inda mutane suke, ta hannun waɗanda mutanen suka yarda da su. Mu 'yan ƙungiya ma muna da namu gadon. Malam Aminu Kano malamin makaranta ne kafin ya shiga siyasa, shi ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman Arewa a 1948, kuma bai taɓa raba neman haƙƙin malami da neman haƙƙin ɗan talaka ba.

Kwamitin da ke cikin fayil

Ba sai an ƙirƙiro sabon tsari ba. Kimanin shekara ashirin da suka wuce Majalisar Ilimi ta Ƙasa ta amince kowace makarantar gwamnati ta samu kwamitin al'umma mai kula da ita, wanda muke kira SBMC. A tsarin, kwamitin ya ƙunshi basaraken yankin, da hedimasta, da wakilan malamai, da na iyaye, da na mata, da malaman addini, da masu sana'a, da tsofaffin ɗalibai, har da wakilan ɗaliban kansu, mace da namiji. Shirin ESSPIN, wanda gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyinsa daga 2008, ya yi aiki a jihohi shida har da Kano, ya horar da irin waɗannan kwamitoci. Ya kuma gwada wani tsari da tsangayu a ƙananan hukumomin Fagge da Kumbotso da Albasu, inda ake tara almajiran tsangayun da ke kusa da juna a koya musu karatu da lissafi a sa'o'in da alarammominsu suka amince da su, mai koyarwar kuma ɗan yankin ne.

Abin da ya biyo baya kowa ya sani. Inda kwamiti ya dace da shugaba mai kishi, ya yi abin a zo a gani. A wurare da yawa kuwa sunaye ne a cikin fayil, ba a tunawa da su sai an ce kuɗin gyaran makaranta sun iso ana neman sa hannu. Wakiliyar mata takan shekara ba ta halarci zama ba, domin ana yin sa ne a lokaci da wurin da ba za ta iya zuwa ba. Da shirin masu ba da tallafi ya ƙare, sai zaman ya ƙare tare da kuɗin motar da ake rabawa. Haɗin gwiwar da aka gina a kan kuɗi yana mutuwa ranar da kuɗin suka tsaya. Wanda zai ɗore shi ne wanda aka ɗora wa aikin da ba ya yankewa, aikin da kowa ke iya ganin amfaninsa da idonsa. Irin wannan aiki muke ba da shawarar a danƙa wa kwamitocin makarantun mazaɓarmu.

Ayyuka biyar

Na farko, a san yaran. A farkon kowace shekarar karatu, 'yan kwamiti tare da mai unguwa da limamin layi da mata biyu ko uku da ake ganin girmansu su bi gida-gida su rubuta kowane yaro daga shekara shida zuwa sha biyar: sunansa, da inda yake karatu, da abin da ya hana shi idan ba ya zuwa. Ma'aikatan rigakafin shan-inna sun yi shekaru suna bin waɗannan gidaje ɗaya bayan ɗaya da alli a hannu, da taimakon masu unguwanni, har aka wayi gari a 2020 aka ba nahiyar Afirka shaidar rabuwa da asalin ƙwayar cutar. Idan an iya bin kowane gida saboda ɗigon magani, ana iya bin sa saboda karatu. Miliyan ɗaya adadi ne da ke kashe gwiwa. Yara arba'in a layi uku, kowanne da sunansa da sunan mahaifinsa, aiki ne da mutum goma za su iya. Bayan ƙidaya sai a kafa ƙa'ida: duk yaron da ya yi fashin kwana uku a jere, malamin aji ya miƙa sunansa ga wakilin kwamiti na layinsu, shi kuma ya je gidan ya yi sallama ya tambaya cikin mutunci. Sau da yawa za a tarar abin da ya hana yaron zuwa bai wuce zazzaɓi, ko yagaggen inifom, ko tsoron wani babban yaro a hanya ba.

Na biyu, a daidaita lokaci da malaman allo da na islamiyya, domin yaro ɗaya muke rabawa da su. Ɗan unguwa yakan yi karatun allo bayan asuba, ya zo boko, ya tafi islamiyya bayan la'asar, wani ma ya koma na dare. Idan malamin allo ya sallami 'yan boko minti talatin da wuri, makara za ta ragu. Idan mu kuma muka san ranakun musabaƙa da saukar karatu muka kauce wa sa gwaji a ranar, an yi musayar mutunci. Game da almajiran da iyayensu ke nesa, makarantun allo suna hutu daga yammacin Laraba zuwa Juma'a, ajujuwan makarantunmu da dama kuma a kulle suke bayan azahar. Awa biyu a yammacin Laraba da awa biyu a na Alhamis sun isa a fara koya wa yaro karatun Hausa da lissafi ba tare da an taɓa haddarsa ba. Abin da ya faru a 2020, lokacin annobar korona, da aka riƙa ɗibar almajirai a motoci ana mayar da su jihohinsu, ya nuna cewa shawarar da aka yanke ba tare da alarammomi ba ba ta ɗorewa, domin ba a jima ba tsangayu suka sake cika. A 2023 an kafa hukumar tarayya ta almajirai da yaran da ba sa makaranta, amma hukumar da ke Abuja ba ta san alaramman layinmu ba. Mu muka san shi, a sahu ɗaya muke sallah. A je masa da girmamawar da ta dace da mahaddacin Alƙur'ani, a tambaye shi lokacin da ya ga ya dace, kada a kai masa jadawalin da aka riga aka rubuta.

Na uku, a ba iyaye mata zama na kansu, a cikin gidan wata dattijuwar unguwa, malamai mata na ƙungiyarmu su jagoranta, wakiliyar mata ta kai abin da aka tsayar gaban kwamiti. A irin wannan zama ne za a iya maganar talla ba tare da an ci fuskar kowa ba. Ana iya mayar da shi bayan an tashi daga makaranta. Ana iya haɗa kayan gidaje uku ko huɗu a teburi ɗaya a bakin layi, wata babba ta zauna ta sayar a ba ta lada. Matan da suka riƙe adashi shekara da shekaru ba a ji kansu ba za su iya riƙe adashin littafi da inifom. Kuma a nemi Hukumar Ilimin Manya ta buɗe musu aji a gidan, domin uwar da ta iya karanta abin da aka rubuta a littafin 'yarta ta fi kowane sufeto sa ido a kan makaranta.

Na huɗu, a jawo iyayen gida na sana'a. Teloli da dukawa da maƙera da masu gyaran waya da 'yan kasuwar Kurmi da na Ƙofar Wambai su ne ke karɓar yaran da suka zame daga hannunmu. Koyon sana'a alheri ne, babu mai son a hana shi. Abin da ake nema shi ne shugabannin sana'o'i su yi alkawari a gaban mai unguwa cewa yaron da bai gama firamare ba ba zai zauna a shago a lokacin makaranta ba, sai bayan an tashi, kuma ubangida ya riƙa neman ganin takardar sakamakon yaronsa kamar yadda uba zai nema. A namu ɓangaren, mu buɗe musu ƙofar aji. Tela da tef ɗinsa zai koya wa 'yan aji biyar rabi da kwata cikin rabin awa fiye da yadda alli zai yi a mako guda, kuma ranar da ya tsaya gaban allo makarantar ta zama tasa.

Na biyar shi ne wanda ya fi shafar sana'armu, wato yaron da ya zo ya tafi da abin da ya zo nema. Wata ƙungiya a ƙasar Indiya mai suna Pratham ta fito da tsarin koyar da yaro daidai da matsayinsa. Ana gwada kowane yaro cikin 'yan mintoci, a raba su rukuni-rukuni ba tare da duban aji ko shekaru ba: waɗanda ba su san baƙi ba, da masu karanta kalma, da masu karanta jimla, da masu karanta labari. Sai a ware lokaci kullum kowane rukuni ya yi aikin da ya dace da shi. An gwada wannan tsari a makarantun Wudil da Dawakin Tofa, saboda haka akwai 'yan'uwanmu a jihar nan da suka san shi a aikace. Raba aji mai yara ɗari gida huɗu yana buƙatar ƙarin hannu, kuma unguwa tana da su: malaman da suka yi ritaya, da ɗaliban kwalejojin ilimi masu zuwa gwajin koyarwa, da 'yan sakandaren da za su iya zama da ƙannensu su saurari karatunsu. A ƙarshen kowane zango a gayyato iyaye, yaro ya tashi ya karanta shafi ɗaya a gaban mahaifinsa. Iyaye sun saba jin amfanin karatun allo da kunnensu idan yaro ya biya allonsa. Boko ma ta ba su irin wannan shaida, sai mu ga ko lissafin uban nan ba zai canza ba.

Inda aikin ya buƙaci kuɗi, a nema daga masu shi. Birnin nan yana da al'adar zakka da wakafi tun kafin a kafa Hukumar Zakka da Hubusi, kuma babu tsohuwar firamare a cikin ganuwa da ba ta yaye likita ko attajiri ko babban ma'aikaci ba. Sharaɗi biyu ne kawai. Kada a ɗora wa ɗalibi ko sisin kwabo, domin naira ɗari biyun da wani ke ganin ba komai ba ce ita ce ke zaunar da 'ya'yan marayu a gida. Kuma duk abin da ya shigo da inda aka kashe shi a rubuta a manna a ƙofar makaranta.

Damuwar 'yan'uwa

Mun san abin da wasu 'yan'uwa za su ce, kuma maganarsu tana da nauyi. Malamin da ke fama da yara ɗari, ƙarin girmansa ya yi jinkiri, albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata, ta yaya za a ƙara masa bin gidaje da ajin yamma? Amsarmu ita ce, ba a tsara wannan don a ƙara wa malami kaya ba. A yau malamin aji shi ne mai neman yaron da ya ɓace, shi ne mai sayen alli, shi ne mai sasanta iyaye, wani lokaci har da ciyar da wanda ya suma saboda yunwa. Bin gida aikin wakilin kwamiti ne, na malami ya miƙa suna. Ajin yamma kuwa ya zama na ganin dama, kuma reshenmu ya tsaya kai da fata a kan cewa duk wanda ya yi shi a biya shi alawus a rubuce.

Damuwa ta biyu ta fi wannan girma. Akwai tsoron cewa da al'umma ta fara taimakawa, sai hukuma ta naɗe hannu, ta cika ajujuwa da 'yan sa-kai maimakon ta ɗauki ƙwararrun malamai, alhali ga matasa masu takardar NCE suna zaune ba aiki. A nan dole mu ja layi. Ɗan sa-kai mataimaki ne, ba ya riƙe aji, kuma ba a lissafa shi a gurbin malami. Gina aji da ɗaukar malami da biyan albashi nauyin gwamnati ne bisa doka. Dokar 2004 ta ware wa ilimin bai-ɗaya kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, jiha kuma sai ta zuba nata kason kafin ta karɓa. Hasali ma, unguwar da ta san adadin yaranta ta fi iya neman haƙƙinta. Idan malamai kaɗai suka ce ana buƙatar ƙarin ma'aikata, sai a ce neman na kansu suke yi. Idan mai unguwa da liman da wakiliyar mata suka je da takarda mai ɗauke da sunayen yaran da suka dawo makaranta ba su samu wurin zama ba, maganar ta wuce a share ta.

Ta uku ita ce siyasa. Duk abin da ya tara jama'a a Kano, masu neman ƙuri'a za su leƙo shi. Wanda ya kawo gudummawa a karɓa a yi masa godiya, amma kujerar kwamiti ta mai ɗa a makarantar ce da wanda unguwa ta yarda da amanarsa, ko wace irin hula yake sawa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kwamitin da ke zama a kan lokaci, yana karanta lissafinsa a fili, da wuya a mayar da shi dandalin kamfe.

Abin da muke roƙo

Muna roƙon shugabannin reshe su sa wannan batu a jerin abubuwan tattaunawa na taronmu mai zuwa. Muna kuma roƙon wakilin ƙungiya na kowace makaranta a Zaitawa da maƙwabtanta ya zo da amsar tambayoyi uku kafin ƙarshen zango: su wane ne 'yan kwamitin makarantarsu kuma yaushe suka yi zaman ƙarshe, makarantun allo da na islamiyya nawa ne ke raba yara da su, sannan yara nawa ne a aji huɗu ke iya karanta gajeren labari da Hausa. Wannan ba ya buƙatar izini daga sama, ba ya buƙatar kuɗi. Da shi za a san makarantar da za a fara da ita, sauran su gani su koya.

Iyalanmu da ke karanta wannan mujalla, ku ma akwai rabonku. Matar malami da mijin malama maƙwabtan wani ne, kuma kun fi mu sanin gidan da yarinya ta daina sa inifom. Hausawa suka ce ɗa na kowa ne. Yaron da aka bari ya girma ba karatu ba sana'a, a layinmu zai zauna, da 'ya'yanmu zai yi hulɗa, kuma abin da ya zama zai shafe mu ko muna so ko ba ma so.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ba mu ikon sauke amanar da ke wuyanmu, Ya jiƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya. Amin.